Amsa ga ɗan uwan da Chrome ke rufe masa kansa

Assalamu alaikum. Ɗan uwa mai tambaya, wallahi da na karanta rubutunka sai da na ajiye waya na yi jim, don kamar labarina kake bayarwa. Ka ce Chrome, burauzar da kake shiga intanet da ita, na rufe kansa a laftof ɗinka da zarar ka buɗe shafi uku ko huɗu, wani lokacin ya fito maka da "Aw, Snap!", ka goge shi ka sake saukewa har sau biyu amma ba ta canja zani ba, yanzu kuma an ce ka kai a yi wa kwamfutar fomatin, wato a share komai a sake ɗora mata Windows. Don girman Allah kada ka kai tukuna.

Ni na kai. Ranar ƙarshe ce ta cike wa ƙanwata fom ɗin neman tallafin karatu, sha biyun dare za a rufe. Sai na cike komai, na zo wajen ɗora hoto da takardun makaranta, ɗif, burauza ta ɓace. Na sake daga farko, ta sake ɓacewa. Yarinya na zaune a gefena ta zuba tagumi, Inna kuma na leƙowa tana tambaya ko an gama. Bayan la'asar na saɓi jaka na nufi kasuwa wajen wani mai gyara. Ko buɗe burauzar bai yi ba, ya ce bairos ne ya cinye ta, sai fomatin. Na ce masa, "Maigida, akwai kayana a ciki fa." Ya ce in je in yi sallah in dawo, babu abin da zai taɓu. Na dawo bayan magariba na tarar da kwamfuta fes kamar yau aka saye ta. Babi uku na aikin digirina na biyu sun tafi. Hotunan bikin yayata sun tafi. Abin da har gobe ke cin raina shi ne muryar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, da na naɗa yana ba mu tarihin gidanmu, ita ma tana ciki, kuma babu ita a ko'ina. Da na yi magana sai ya ɗaga kafaɗa ya ce ai laifina ne da ban kwafe ba. Kuma ya karɓi kuɗinsa cif, ko ragi babu. Na yafe kuɗin, amma wannan ɗaga kafaɗar har yau ban iya mantawa ba.

Abin takaicin, kwana biyu matsalar ta dawo. Ashe ba bairos ba ne. Wata ƙaramar manhajar sauke bidiyo ce da na maƙala wa burauzar tun tuni, irin waɗanda ake kira ekstenshon, kuma da yake na shiga da akawun ɗina na Google, sai ta biyo ni ta sake zama daram. Ina kyautata zaton abin da ya same ka ke nan da ka goge ka sake saukewa: in ba ka zaɓi a share bayanan burauzar lokacin gogewar ba, tsohon furofayil ɗinka, wato inda take ajiye saitinka da ekstenshon ɗinka, yana nan, shi sabon zai ɗauka ya ci gaba.

Yaron wani abokin aikina ne, ɗan aji biyar na sakandare, ya gano min a minti biyar. Ka yi yadda ya yi. Danna Ctrl da Shift da N tare, tagar Incognito za ta buɗe, a can waɗannan ƙananan manhajojin ba sa aiki sai in kai ka ba su izini. Ka buɗe shafukan da suka saba kayar da ita. In ta tsaya lafiya, to ɓarawon yana cikin gida. Rubuta chrome://extensions a wajen adireshi, ka kashe su duka, sannan ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin.

In kuma ko a can ta rufe, duba RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe abubuwan da take aiki da su a lokacin. Ba ka faɗi nawa ne naka ba, amma irin laftof ɗin gwanjon da yawancinmu ke riƙewa 4GB ne, kuma Windows ta riga ta cinye kaso mai tsoka kafin ka buɗe komai. Kana cikin Chrome ka danna Shift da Esc, zai nuna maka shafin da ya fi zuƙa. Ka kunna Memory Saver a Settings, ƙarƙashin Performance. Akwai kuma wani maɓalli a Settings ɗin, ƙarƙashin System, mai maganar graphics acceleration, kashe shi ka sake kunna burauzar. Wannan ne ya warkar da ta ofishinmu, wadda allonta ke yin baƙi in an kunna bidiyo.

Af, wace Windows ce ma a kai? In 7 ce ko 8.1, Chrome 109 da ya fito a Janairun 2023 shi ne na ƙarshe da ke hawa kansu, duk saukewar da za ka yi ba za ka samu sabo ba.

Ka kuma taɓa ƙasan laftof ɗin ka ji zafinta. Ƙurar hunturu na toshe fanka, ga mu da son ɗora kwamfuta a kan katifa. Amma zafi ya fi kashe kwamfutar gaba ɗaya, ba burauza ita kaɗai ba. Masu wayar Android da ke karanta wannan, ku tuna Maris ɗin 2021 da manhajoji suka yi ta rufe kansu, ashe sabunta Android System WebView kawai ake buƙata a Play Store. Maƙwabciyata saura ƙiris ta kai tata a yi mata filashin, wato fomatin ɗin waya, a ranar.

Ka sauke Firefox ka ajiye a gefe, in aiki na gaggawa ya taso ka lallaɓa da ita. In ita ma tana rufewa, sannan ne za a fara zargin ita kanta kwamfutar. Ko a nan ɗin, kafin ka miƙa wa kowa, ka sayi filas ka kwashe kayanka da hannunka, kuma ka zauna a shagon kana kallo, ko da zai ɓata rai.

Fom ɗin ƙanwata a shagon intanet na unguwa muka ƙarasa shi, saura kaɗan a rufe. Ka gwada Incognito ɗin yau da dare ka dawo ka faɗa mana abin da ka gani, ka haɗa da yawan RAM ɗin da irin Windows ɗinka.