Tambaya da Amsa: Shin Mai Injin Niƙan Ƙauyenmu Ɗan Babakere Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Tun lokacin da aka yi ta cacar baki a kan matatar man Dangote nake jin masu sharhi a rediyo suna maimaita kalmar "monofoli", kowa na jifan ɗan'uwansa da ita. Me take nufi? Sannan a ƙauyenmu injin niƙa ɗaya ne tak, mai shi kuma ya ƙara kuɗin niƙan tiya har sau biyu a bana. Shi ma sunansa ke nan? Daga wani manomi a ƙaramar hukumar Bakori, jihar Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Asalin kalmar daga Girkanci ne, tana nufin mai sayarwa shi kaɗai. Masana tattalin arziki suna faɗinta idan mutum ɗaya ko kamfani ɗaya ya riƙe wani kaya, babu mai sayar da irinsa sai shi, kuma babu abin da jama'a za su koma wa a madadinsa. Mu babakere muke cewa, ko a ce wane ya yi kaka-gida a kasuwa.

Game da mai injin ku, abu biyu za ka duba. Idan ya ƙara kuɗi, matan gidanka suna da inda za su kai dawarsu? In akwai inji a ƙauyen da ke kusa, wanda yaro zai ɗora buhu a babur ya kai ya dawo kafin la'asar, to ikon mutumin naku bai wuce kuɗin man babur ɗin ba. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci: in gobe wani ya sayo nasa injin zai kafa, akwai mai hana shi? In babu, bawan Allah nan riga kowa kawai ya yi, kuma mai yiwuwa tsadar man dizal ce ta tura shi. Amma in ya haɗa baki da masu faɗa a ji aka hana kowa fili, to wannan babakere ne, ko da kuwa injin nasa tsoho ne mai tari.

Toshe ƙofar nan ita ce cutar, kuma ƙasar nan ta ɗanɗana ta tun kafin a raɗa mata suna. A 1886 gwamnatin Ingila ta ba kamfanin Royal Niger na George Goldie izinin iko da harkar kogin Kwara da Binuwai. Kamfanin ya ƙaƙaba kuɗin lasisi da harajin da ƙananan 'yan kasuwa ba za su iya biya ba, har mutanen Nembe da ke jihar Bayelsa ta yanzu, waɗanda suka gaji fataucin manja kaka da kakanni, suka wayi gari an ɗauke su 'yan fasa-ƙwauri a ruwan iyayensu. Da tura ta kai bango, a watan Janairun 1895 sarkinsu Koko ya jagoranci hari a kan cibiyar kamfanin da ke Akassa. Ranar 1 ga Janairun 1900 gwamnatin Ingila ta karɓe ikon daga hannun kamfanin, ranar da Gwamna Lugga ya ɗaga tuta a Lakwaja.

Kai da kake manomi, akwai wani nau'in da ya fi shafar ka: ba mai sayarwa ɗaya ba, mai saye ɗaya. Tambayi dattawan garinku labarin hukumar sayen gyaɗa da aka kafa a 1949. Ita kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje. Tana yanka farashi a farkon kaka, dillalanta masu lasisi su bi ƙauyuka da sikeli, manomi ya sayar a haka ko ya zauna da kayansa. Sau da yawa farashin na ƙasa da na kasuwar duniya, rarar kuma ta shiga aljihun hukuma. Gaskiya ne an yi ayyukan raya ƙasa da kuɗin, amma duk lokacin da na ga hoton dalar gyaɗa ta Kano ana alfahari da ita, wanda ya yi noman nake tunawa. Sai a 1986, zamanin Babangida, aka rushe waɗannan hukumomi.

Wayar tarho ma haka. Lokacin da NITEL, ma'aikatar tarho ta gwamnati, ke cin karenta babu babbaka, layukan da ke aiki a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. MTN da Econet suka shigo a 2001 suna cajin minti-minti, ko gaisuwa kawai ka yi ka biya kuɗin minti guda. Da Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa, nan da nan sauran suka bi sahu. Ba wa'azi ne ya sauya su ba, kishiya suka samu.

Amurka ce ta yi fice wajen yaƙar wannan abu a kotu. Kamfanin Standard Oil na Rockefeller ya taɓa riƙe kusan kashi 90 cikin ɗari na tace man ƙasar. An yi dokar Sherman mai hana babakere a 1890, sannan a 1911 Kotun Ƙoli ta sa aka tsattsaga kamfanin gida 34. A watan Agustan 2024 ma wani alƙalin tarayya ya yanke cewa Google ya karya doka wajen riƙe kasuwar bincike a intanet. Ba don ya yi girma aka kama shi ba, sai don biliyoyin dalolin da yake biyan kamfanoni irin su Apple domin kowa ya tarar da shi a wayarsa tun daga kwali.

To sai batun matatar Dangote da ke Lekki a Legas, mai iya tace ganga 650,000 a rana. A watan Yulin 2024 shugaban hukumar kula da tacewa da rarraba mai na lokacin, Faruk Ahmed, ya ce bai kamata ƙasa ta dogara da matata ɗaya ba. Alhaji Aliko ya musanta zargin babakere, har ya ce in haka ne NNPC ta zo ta saye matatar. A ganina mutum bai yi laifi ba don ya gina abin da ya gagari gwamnati. Kada kuma a manta, shekaru da dama kafin cire tallafi a 2023, NNPC ce kaɗai ke shigo da fetur. Abin da za a sa wa ido shi ne ko za a bar wasu su tace, su shigo da mai, su yi gasa da shi. Aikin FCCPC ke nan, wato hukumar kula da gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye, wadda aka sa hannu a dokarta a 2019, kuma dokar ta haramta zaluntar kasuwa da ƙarfin da aka samu.

Kada ka haɗa wannan da ɓoye kaya, wanda malamai ke kira ihtikari, da hadisin Muslim ya ce mai saɓo ne kaɗai ke yin sa. Dangi ne, amma mutum goma ma suna iya ɓoye masara su jira bazara.

Shawarata, ku fara zama da mai injin ku ji nawa yake sayen litar mai da dutsen niƙa. In lissafin bai kama ba, ku manoma ku yi karo-karo bayan kaka ku sayo na biyu, ku ga ko za a ba ku wurin kafawa.