Likita, Me Ya Sa Aka Tsayar Wa Ɗana Allura?

Tambaya: An kwantar da ɗana a asibiti da ciwon huhu, ana yi masa allurar seftiriyazon. Rana ta uku likita da mai farmasi suka sake duba ordonansinsa, wato takardar maganinsa, suka mayar da shi kan amoksisilin na sha. Ko an yi kuskure ne tun farko?
Wata uwa, unguwar Birni, Damagaram

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara masa sauƙi. Ki kwantar da hankalinki, haka aikin ya kamata ya tafi. Ran da aka kawo yaro yana numfashi da ƙyar, likita ba zai zauna jiran sakamakon awo ba, sai ya fara da magani mai faɗin aiki. Bayan awa 48 zuwa 72 a sake zama a kan takardar: zazzaɓi ya sauka? Yaro yana ci yana sha? In haka ne, na baki ya wadatar, a cire masa allurar hannu ya huta.

Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibiyotik, wato magungunan kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya, kashi uku: na farawa, na taka-tsantsan, da na ajiya. Amoksisilin na kashin farko ne, seftiriyazon na biyu. In muka riƙa zuba na biyun ga kowane mai zazzaɓi, ƙwayoyin cuta za su saba da shi, ran da sanƙarau ya zo maganin ya ƙi ci. A 2019 mutum miliyan 1.27 suka rasu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ta fi ko'ina shan wahala. Shi ya sa nake son kowane asibitinmu ya mayar da wannan bitar aikin yau da kullum.

Tambaya: Mura da tarin hunturu sun kama ni, likita ya hana ni kafso.
Ɗan kasuwa, Kasuwar Dole

Amsa: Ya yi daidai, Alhaji. Bairos, wata irin ƙwayar cuta dabam, ke kawo mura, antibiyotik ba ya taɓa shi. Kada ka saya wurin masu talla. In zazzaɓi ya shigo, a yi maka awon maleriya.

Tambaya: An yi wa matata tiyatar haihuwa, allurar antibiyotik ɗaya tak aka yi mata. Ba a rage mata ba?
Wani magidanci, Mirriya

Amsa: Barka, Malam, Allah ya raya. Allura ɗaya gab da yanka ita ce ƙa'idar rigakafi in babu wata cuta a jiki. Sai dai in ka ga zazzaɓi, ko ɗinkin ya kumbura yana fitar da mugunya, ka mayar da ita asibiti a ranar.