Tambayoyinku: Yadda za a saita wayar mai jego tun kafin ta sauka

Tambaya: Assalamu alaikum. Matata tana cikin wata na tara, kuma haihuwar fari ce. Na san za a ba ta magunguna da ranakun komawa asibiti. Me zan saita mata a waya don kada wani abu ya kuɓuce mana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sauke ta lafiya. Gara da ka tambaya yanzu, domin jariri sabon haihuwa yana shan nono sau 8 zuwa 12 cikin awa 24, kuma macen da ke farkawa haka ba ta da sukunin tone-tonen waya.

Fara da kalanda. A shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, ana son a duba mai jego da jaririnta aƙalla sau huɗu: cikin awa 24 na farko, sai tsakanin awa 48 da 72, sai tsakanin kwana 7 da 14, sannan a mako na 6. Ranar da ta haihu ka shigar da su, kowanne da tunatarwa ta kwana guda kafin lokaci, a wayarta da taka. Idan asibitinku ya ba da wasu ranakun, nasu za ka bi. Na mako shida ne ya fi saurin shiga mantuwa, don a lokacin jiki ya fara daɗi.

Magani kuwa, agogon ƙararrawar da ya zo da wayar ya wadatar. Ka rubuta sunan maganin a jikin kowace ƙararrawa, yadda idan ta kaɗa da ƙarfe biyun dare ba sai ta yi ta tunanin wace ƙwaya ce ba. Ni dai ban cika son manhajojin tunatarwa da ake saukewa ba. Wayoyin Android da yawa suna kashe manhajar da ke aiki a ɓoye don rage cin batir, sai lokaci ya wuce shiru. In iPhone ce, manhajar Health tana da sashen magunguna tun daga iOS 16.

Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne barcinta. Ka kunna mata tsarin hana damuwa (Do Not Disturb, mai hana kira da saƙonni yin ƙara), wanda alamarsa jinjirin wata ce a iPhone, a Android kuma galibi da'ira mai ɗan layi a tsaka. Ka zaɓi lambobi uku ko huɗu da kiransu zai riƙa shigowa. Akwai kuma zaɓin mai sake kira: a Android duk wanda ya kira sau biyu cikin minti 15 zai samu shiga, a iPhone cikin minti 3. Tabbatar an bar ƙararrawa tana kaɗawa, sannan ka kira ta da wata lambar ka gani da idonka.

Tambaya: Na yi fama da hawan jini da cikin nan. Ƙawata ta nuna min manhajar da ake ɗora yatsa a kyamara ta auna jini. Zan iya dogara da ita bayan na haihu?

Amsa: A'a, 'yar'uwa, kada ki dogara da ita. Kyamara tana iya ƙirga bugun zuciya, amma awon da likita zai yi aiki da shi na na'urar da ake ɗaurawa a damtse ne. Aikin waya shi ne ajiye sakamakon: ɗauki hoton fuskar na'urar duk lokacin da kika auna, kwanan wata da lokaci za su shiga da kansu. Hawan jinin ciki yana iya tashi ko bayan haihuwa. In kin ga 140 bisa 90 ko sama, kira asibiti a ranar. In ya kai 160 bisa 110, ko ciwon kai mai tsanani ya zo da dishi-dishin gani, ko numfashi yana yi miki wuya, ko jini yana jiƙe audugar mata cikin awa guda, a tafi asibiti nan take, ba lokacin bincike a intanet ba ne.

Ki kuma cike bayanan gaggawa da ke fitowa ko waya tana kulle: rukunin jininki, magungunanki, da lambar maigida. Daga Android 12, danna maɓallin kunnawa sau biyar a jere yana kiran agaji, in an saita shi.

Tambaya: A haihuwata ta baya wayata ta cika fal cikin mako guda. Ya zan yi wannan karon?

Amsa: WhatsApp ne, Hajiya. Shiga saitinsa, wurin ajiya da data, ki kashe saukar hotuna da bidiyo kai tsaye. Hotunan jariri kuma ki tura su Google Photos, amma ki sani gigabait 15 ɗin kyauta da Gmail da Drive kuke raba shi. Sai wani abin da ba ki tambaya ba: kada ki yi caji a kan gado ko ƙarƙashin matashi. Batir yana zafi, igiyar cajin kuma ki ajiye ta nesa da inda jariri yake kwance.