Tambaya da Amsa: Yawon Yini Guda daga Cape Town

Tambaya: Malam, zan je Afirka ta Kudu a Satumba, kuma an tallata mini yawon kallon kifin wel (wata ƙatuwar dabbar teku) da tsuntsayen fengwin tare da ɗanɗana giyar inabi. Ba na shan giya. Shin in je?

Amsa: Ki je, Hajiya, domin daga Yuni zuwa Nuwamba kifayen ke zuwa haihuwa kusa da garin Hermanus, mai nisan kilomita kusan 120 daga Cape Town, har ana hango su daga kan duwatsun gaɓar teku. Fengwin kuwa suna wani wuri a gaɓar teku da ake kira Stony Point, inda ake kallonsu daga gadar katako. Kada ki taɓa su, domin suna cizo. Gonakin inabin a kwarin Hemel-en-Aarde suke, sai ki nemi a cire miki wannan zangon tun kafin ki biya.