Gwajin basira na intanet ko kayan gyaran waya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana SS2, lissafi ya gagare shi, zango biyu a jere yana faɗuwa. Amma duk kayan wutar da ya lalace a gida, fanka, tocila, rediyon babansa, shi ke kwancewa ya gyara. Ƙawata ta turo min wani shafi da ake biyan kuɗi a yi wa yaro gwaji, wai a gano irin basirarsa. In biya, ko in saya masa kayan gyaran wayar da ya dame ni da su? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumussalam Hajiya. Riƙe kuɗinki tukuna.

Wannan magana ta ire-iren basira, asalinta wani malami ne a jami'ar Harvard ta Amurka, Howard Gardner. A 1983 ya ce basira ba guda ɗaya ba ce, ya kasa ta bakwai: ta harshe, ta lissafi, ta hango siffa da fasali, ta kiɗa, ta sarrafa jiki da hannu, ta fahimtar mutane, da ta sanin kai. Daga baya ya ƙara ta sanin tsirrai da dabbobi. Masana da yawa ba su gamsu da rabon ba, sun ce wasu a ciki baiwa ce kawai.

Galibin gwaje-gwajen intanet ɗin nan tambayoyi ne yaro zai amsa da kansa: kana son waƙa? kana son zane? Abin da yake so suke aunawa, ba abin da ya iya ba. Ke kuwa ai fankar da ya gyara tana nan tana juyawa a ɗakinki.

Sai dai kada a fake da "ai shi na hannu ne" a sallama lissafi. In zai karanci injiniyan lantarki a kwalejin kimiyya da fasaha, sai da kiredit a lissafi, Turanci da fizik, ko a WAEC, ko NECO, ko NABTEB. Kuma mai gyaran da bai iya karanta mitar auna wutar lantarki ba, ƙona wayoyin mutane zai yi ta yi.

Ni da ni ce, kuɗin zan raba biyu. Rabi ga malamin lesin mai haƙuri, wanda zai koya masa lissafin da batir da waya a gabansa. Rabi a sayi mita, saitin sukundireba da abin narka dalma. Sannan babansa ya nemo masa ubangida amintacce a kasuwar waya ta Farm Centre, ya riƙa zuwa ranar Asabar. Injin hura iska mai zafi kuwa, mai tsadar nan, a bari sai ubangidan ya ce hannunsa ya faɗa.