Akwatin Rarraba Wuta Ɗaya, Nepa da Janareta da Sola: Amsoshin Tambayoyinku

Wani magidanci daga Zariya ya ce akwatin wutar gidansa na layi uku ne, amma janaretan da ya saya mai layi ɗaya ne, kVA 5. Za su yi aiki tare?

Za su yi, Malam, muddin an bi ta makunnin canja wuta, wanda masu gyara ke kira canjoba. Ka nemi mai ƙafa huɗu, uku na layukan wuta, ɗaya na nitiral, kuma ƙarfinsa kada ya gaza na babbar birekar gidan (makunnin da ke yanke wuta da kansa in ta yi yawa), galibi amfiya 63 ko 100. A ɓangaren janareta na makunnin ake haɗe ƙafafu ukun su sha daga waya ɗaya. Kada ka yarda a haɗe su a cikin akwatin kansa. Tsakanin layi da layi na Nepa akwai bolt 400, don haka da an kawo wuta layukan za su yi karo, abin ya tarwatse.

Janareta mai kVA 5 abin da zai bayar bai wuce amfiya 22 ba a kan bolt 230, gidan gaba ɗaya. Sa masa bireka ta amfiya 20 da wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 6, ka cire hita da na'urar sanyaya ɗaki fiye da ɗaya daga lissafi. Idan famfon rijiyar burtsatsenka na layi uku ne, ba zai juya ba. Ko gurnani ba zai yi ba, domin layukan ukun daga waya ɗaya suke sha.

Masu cusa wayar janareta a soket kuwa, su daina. Wutar tana komawa taransifoma ta haura zuwa bolt 11,000, ta samu ma'aikacin da ke kan falwaya yana zaton layin a mace yake.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi tana tambaya ko ta karɓi akwatin da ɗan'uwanta zai aiko daga Amurka.

Hajiya, ki ce ya riƙe kuɗinsa. Gidajen Amurka bolt 120 da 240 suke amfani da su, kuma ƙananan birekokinsu an yi su ne don bolt 120 tsakanin layi da ƙasa, alhali namu a Nijar da Najeriya ya kai 220 zuwa 230. Ga shi ba sa hawa ƙarfen da namu ke zama a kai, in ɗaya ta lalace ba za ki samu madadinta a kasuwa ba. Na Faransa ko Ingila ba su da wannan matsala.

Wani mai shago a Kano yana son sanin ko birekar gida za ta yi masa a layin sola.

Abin da ke fitowa daga inbata wutar AC ce irin ta Nepa, tana iya shiga akwatinka ta canjoba. Amma daga farantan sola da batir wutar DC ce. Ita AC tana sauka zuwa sifili sau 100 a daƙiƙa, shi ya sa tartsatsin da ke tashi in bireka ta faɗi yake mutuwa da kansa. DC ba ta sauka, sai tartsatsin ya zarce ya narka birekar. Ka sayi wadda aka rubuta wa DC, ka duba alamun + da − in tana da su. Inbata mai kVA 5 a kan batir bolt 48 tana jan sama da amfiya 100, saboda haka bireka ta amfiya 125 da waya mai kaurin murabba'in milimita 35 kake buƙata a nan.