Hukuncin Shiga Kogo Don Yawon Buɗe Ido

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam, ni ɗan Katsina ne ina karatu a Malesiya, abokaina sun matsa min lamba wai mu je kogon Batu kusa da Kuala Lumpur mu ga ikon Allah mu ɗau hotuna, to sai naji ance akwai wurin bautar mabiya Hindu a ciki. Ya halatta in bi su?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya bada ilimi mai amfani. Asali dai shiga kogo don kallo ba laifi, a Suratul Ankabut aya ta 20 Allah da kansa yace ku yi tafiya a bayan ƙasa ku duba yadda ya fara halitta. Irin wannan kogon ai dutsen da ake siminti da shi ne kamar na Kalambaina a Sakkwato, ruwan sama ke tsattsafowa yana cinsa a hankali shekaru dubbai har ya rarake cikinsa, ɗigon kuma ya daskare ya zama tsinaye suna reto daga sama, wanda ya kalli wannan yace subhanallah ai ya ci riba.

Hadisin Bukhari da Muslim da yace ba a ɗaure kayan tafiya sai zuwa masallatai 3 kuwa, tafiyar ibada da neman albarkar wuri ake nufi. Shi yasa ko rijiyar Kusugu nan Daura ba ma hana kowa zuwa kallo, mai shan ruwan don tabarruki shi muke ma magana.

Matsalar Batu gumakan ne. Tun daga ƙofa ga ƙaton gunki, ka hau matakala 272 kuma ka tarar da babban kogon wurin bauta ne. Sayyidina Umar yace ma Kiristocin Sham ba ma shiga majami'unku saboda siffofin da ke ciki, to ina ga inda gumaka ne tsaitsaye ana bauta musu? Don haka ni abinda nake gani, mafi ƙaranci makaruhi ne, Malesiya ba ta rasa wasu kogunan dutse da ba gunki ba, ku nemi ɗaya.

In kuma ranar bikinsu na Thaipusam ne wajen Janairu ko Fabrairu, ko za a shafa maka wani abu a goshi, ko ka rusuna, ko ka ci abinda aka ajiye ma gunki, wannan haramun ne kai tsaye. Hoto a gabansa ma bar shi, kar gobe mahaifiyarka ta gani a Facebook. Wallahu a'alam.